Ruwan Shuka Ya Same Mu a Gure

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Kusan mako biyu ke nan hadari yana tasowa daga gabas da la'asar, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Zafin da ake yi a nan Zinder, in ka jingina da bango da azahar sai ka janye bayanka. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar kantin da nake gadi, wata farar mota ta tsaya sayen ƙanƙara. An ɗaure katifu da kujeru a samanta, mutanen ciki suna ta raha wai za su Gidimuni kallon ruwa. Na bi ta da ido har ta sha kwana. Abincin da aka kawo mini ranar nan ban iya ci ba.

Irin wannan lokaci ne, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Muna Droum a gidanmu, mu biyar: Baba, Inna, ni Lawali, matata Barira, da 'yarmu Nana mai shekara uku. Daminar da ta gabata ba ta yi ba. Tun kafin bazara ta kankama rumbunmu ya zama wurin kwanan kaji.

Ga yadda yini yake tafiya. Da asuba Barira za ta ɗauki tulu ta tafi rijiya, ba za ta dawo ba sai rana ta take, don ruwan ya yi ƙasa, sai an jira ya taru a guga kaɗan-kaɗan. Ni in shiga daji neman anza da abin da awaki za su ci. Inna ta jiƙa anzar kwana da kwanaki tana sake mata ruwa don ɗacin ya fita, amma ba ya fita duka. Ana dafa ta da ɗan gishiri, a ci sau ɗaya, bayan la'asar. In an samu dussa a dama wa Nana kunu. Da rana kowa ya nemi inuwa ya kwanta, ba don barci ba, don dai kada ƙarfi ya tafi a banza. Ko zance ba a cika yi ba. Kana jin kukan cikin wanda ke kusa da kai, shi ma yana jin naka, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Abu ɗaya ya rage mana a duniya, shi ne iri. Tun da kaka Baba ya zaɓi zangarnun gero mafi kyau, ya sussuke da hannunsa, ya gauraya da toka, ya zuba a tulu ya liƙe bakin da laka. Tulun yana ɗakinsa. Wata rana Nana ta yini tana kuka har muryarta ta dushe, Inna ta je ta tsaya a bakin ƙofarsa.

"Malam, tafin hannu ɗaya. Don yarinyar nan."

"In na ba da tafi ɗaya yau, gobe ma za ta yi kuka," in ji Baba.

Bayan kwana biyu muka tafi wata ta'aziyya duk gidan, shi ya ce ƙafarsa na ciwo, ya zauna a gida. Da muka dawo tulun ba ya ɗakin. Inna ta tambaya, ya ce yana inda yake. Ni ma na tambaye shi a keɓe, ya ce ranar da ruwa ya sauka zan gani. Wasu maƙwabta sun yi binne, wato sun zuba irinsu a busasshiyar ƙasa suna jiran sama. Baba ya ce shi ba zai ciyar da ɓeraye da zabi da abin da ya hana jikarsa ba.

Ana cikin haka Yaya Habu ya zo. Ɗan wan Baba ne. Ubansa ya rasu yana ƙarami, Baba ya riƙe shi, ya kai shi lakwal, wato makarantar boko, a Zinder, Inna tana aika masa da gari da ƙuli-ƙuli duk ranar kasuwa. A lokacin da nake ba da labari ya zama babban ma'aikaci a Yamai, mun shekara huɗu ba mu sa shi a ido ba. Ya iso da farar mota mai buɗaɗɗen baya, tare da matarsa da kowa ke kira Madam, da wani abokin aikinsa Bazabarme mai suna Sumana, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, da na'urar ɗaukar hoto rataye a wuyansa.

Inna ta rasa abin da za ta ba su sai ruwa. Madam ta karɓi ƙoƙon, ta duba cikinsa, ta ajiye.

"Baba, hutu muka samu," in ji Yaya Habu. "Abokina yana so ya ga ƙasarmu. Gidimuni, Gure, har duwatsun Kutus. Babu wanda ya san hanyar nan kamarka. Kwana uku ne kawai. Lawali ya zo ya taimaka da kaya. Akwai buhun gero da na ajiye a Zinder, in mun dawo naku ne."

Gaskiya ne Baba ya san hanyar. Da ƙuruciyarsa fataucin kanwa da dabino ya yi da jakai, daga ƙasar Mangawa zuwa Kano, kuma yana jin Barbarci kamar a can aka haife shi. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Fara fat take, ko tsuntsu babu.

"Ruwa fa, Habu?"

"Wane ruwa, Baba? Ko a rediyo sun ce ba yanzu ba."

Baba ya sake duban sama. Inna ce ta yi magana daga bakin murhu. "Ku tafi. Ko ba komai baki biyu sun ragu a gidan."

Washegari da hantsi muka tashi. Motar tana da kujerar baya a ciki, amma akwatin ƙanƙara da jakunkunan Madam ne suka zauna a kanta. Ni da Baba muka hau baya, tsakanin gangar ruwa da tayar safaya da buhun gawayi. Ƙarfen motar kafin azahar ba ya taɓuwa. Baba ya naɗe kansa da rawani, ya riƙe igiyar kaya da hannu biyu. Nana ta biyo motar da gudu har bakin garka, Barira ta kamo ta.

Ba zan yi ƙarya ba, na ga abin da ban taɓa gani ba. Duwatsun Zinder na sha wuce su, amma ban taɓa tsayawa na dube su ba sai da Sumana ya sa aka tsaya: manya-manya, sumul, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora su, har kana tsoron wucewa ta ƙasansu. A Mirriya muka sauka ƙarƙashin kukoki masu kauri, ga garake kore shar a tsakiyar wannan ƙuna, ga mata sun jera tukwane ja. A nan Madam ta sa na hura gawayi, ta ɗumama shinkafa da nama. Wata biyar rabona da nama. Na ci har cikina ya murɗa, na koma bayan kuka na amayar, na dawo na ƙara ci. Baba ya ci loma kaɗan, ya ɗauki gutsuren burodi ya sa a aljihu.

"Tsoho, kada ka tara mana tururuwa a kaya," in ji Madam.

"Na jikata ne," ya ce, bai ɗago kai ba.

Da la'asar muka isa Gidimuni. Kana tafe cikin rairayi da ƙaya, sai kawai ƙasa ta buɗe, ga ruwa shimfiɗe shuɗi tsakanin tuddai, dabino ya kewaye shi, rake da rogo har bakin gaɓa, balbelu fari fat a kan ciyawa. Iskar wurin ma daban take, mai sanyi, mai ƙanshin laka. Na tsaya ina tunanin Barira a bakin rijiya tana jiran guga ya cika. Na shiga ruwan da tufafina har wuya. Sumana ya sa Baba ya tsaya jikin dabino da sandarsa, ya juya nan, ya juya can, ya cire rawani, ya mayar. Baba ya yi duk abin da aka ce.

Rana ta biyu, bayan azahar, muna kan hanyar Gure, iska ta tsaya cik. Zafin ya sake, ya zama mai nauyi, gumi yana fita ba ya bushewa. Baba ya daina kallon hanya, ya juya gabas. Can ƙasan sama wani jan gini ya taso, bayansa baƙi ƙirin, yana ta hawa. Ya buɗe hanci ya shaƙa. Sai ya shiga dukan rufin motar da tafin hannu har aka tsaya.

"Lafiya?" in ji Yaya Habu ta taga.

"Habu, wannan ba irin na kwanakin baya ba ne. Wannan mai ruwa ne. Dubi yadda ya karkata. Ƙasarmu ya nufa."

"To Allah ya sa. Shi ya sa za ka fasa mini rufin mota?"

Sumana ya fito ya ɗauki hoton hadarin. Hadarin ya wuce ta kudu da mu, yana ruri, walƙiya tana tsaga shi. Mu ɗigo kaɗan muka samu, manya, masu sanyi, suna faɗuwa kan ƙarfen motar suna ƙamewa nan take. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya biyo iska ya same mu. Baba ya juya baya ga inda muka nufa, ya bi hadarin da ido har ya shige yamma. Bai ci abincin yamma ba.

Da hantsin rana ta uku muna tashar Gure ana zuba mai, sai ga wata kamiyo, babbar motar kaya, ta shigo daga Zinder, tayoyinta da cikinta duk jar laka. Baba ya sauka da kansa, bai jira na riƙe shi ba, ya tari shofer ɗin da ke tuƙa ta.

"Ɗana, ina kuka samu laka?"

"Baba, ai tun daga Gidimuni har Zinder ruwa ne kwance. An yi ruwan shuka jiya. Wani mutumin Tirmini da na gani a tasha ya ce har can wajensu da Droum, in ka tona kamu guda ba ka kai busasshiya ba. Yau ba ka samun kowa a gari, duk suna gona."

Wanda bai yi noma a ƙasarmu ba ba zai san abin da wannan magana take nufi ba. Ƙasar rairayi ce. In ruwan fari ya sauka kana da yini biyu, in Allah ya so uku. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, ba a tsayawa sai duhu ya hana. Bayan nan rana ta shanye danshin, sai kuma wani ruwan, in ya zo.

Baba ya je ya sami Yaya Habu a inuwar rumfar mai shayi. Ina tsaye ina gani, ya durƙusa a gabansa. Mutumin da ya goya shi a kafaɗa.

"Habu, don Allah mu juya. In muka tashi yanzu, kafin magariba muna gida."

"Tashi, Baba, kana ba ni kunya a gaban baƙo. Tun daga Yamai na taso don Kutus. Ga ta nan saura kaɗan, sai in juya? Inna da matar Lawali ba su da hannu ne? Su fara, ku tarar da su."

Baba bai tashi ba. Sannan ya ce, a hankali, "Ba su san inda irin yake ba. Na binne shi. Ban gaya wa kowa ba."

Yaya Habu ya dube shi, sai ya fashe da dariya. Ya juya ya fassara wa Sumana da Faransanci. Madam ta riƙe baki tana dariya har da hawaye. Sumana bai yi dariya ba, ya sunkuya yana goge gilashin na'urarsa.

"To wannan laifin wa?" in ji Yaya Habu. "Ni na ce ka ɓoye wa matarka hatsi? Gobe da yamma kuna gida. Ƙasa ba za ta gudu ba."

Baba ya ja ni gefe, bayan kamiyon nan. Ya riƙe damtsena. "Ƙarƙashin turken jar akuya. Ka cire turken, ka tona kamu biyu. Tafi yanzu. Ni zan kai su."

Ko dala babu a jikinmu, ni da shi. Na koma wajen Yaya Habu na ce ya ba ni kuɗin mota.

"Ka tafi in kana so, ban riƙe ka ba," ya ce. "Amma rairayi za mu shiga, kuma don shi na ɗauko ka. Wanda ya yar da ni a hanya kada ya zo mini da zancen buhu a Zinder."

Akwai wata mota tana lodin Zinder a lokacin. Da na roƙi mai ita, wataƙila ya ɗauke ni a kan kaya. Da na tuɓe rigata na sayar, ta isa. Na san wannan yanzu, kuma na san shi a lokacin. Na tsaya ina auna buhun da babu shi ba za mu kai ga noman fari da rai ba, ina auna tsoho shi kaɗai a bayan mota cikin rana. Waɗannan su ne dalilan da na ba Baba, kuma su na ba kaina shekaru da yawa. Amma akwai na uku. Madam ta riga ta sa albasa a mai a bayan rumfar, ƙanshin yana zuwa mini. Kwana biyu ke nan ina ƙoshi. Da Yaya Habu ya ce gobe da yamma, ban yarda da shi don yana da gaskiya ba. Na yarda ne don ina so in yarda.

Muka sami wani fasinja mai kirki a motar, muka ba shi saƙo: in ya isa tashar Zinder ya nemi ɗan Droum ko wane ne, ya ce a gaya wa matar Malam Tanko, wato Inna, ta duba turken jar akuya. Ya yi alkawari, kuma ina jin ya nema. Sai dai wane ɗan Droum zai samu a tasha ranar shuka? A lokacin babu salula. Yau kuwa ko mai tallar goro tana da salula ƙulle a bakin zane. Magana ce ta numfashi ɗaya.

Muka bar kwalta muka yi arewa. Ƙasar can tana da kyau irin mai ban tsoro. Tuddan rairayi fari da ja, iska ta zana su kamar an shara da tsintsiya, tsakaninsu kwari mai goriba da kanwa fara a ƙasa kamar an zuba gari. Can gaba duwatsun Kutus suka bayyana, ja, kansu a shafe kamar an yanke da wuƙa, suna rawa cikin zafi. Amma shekara talatin rabon Baba da hanyar, kuma rairayi ba ya zama wuri ɗaya. Rijiyar da yake nema ta zama tudu. Ya ce a bi dama, aka bi, ya ce a'a a koma. Kafin la'asar motar ta nutse har ciki.

Yini biyu muka yi a wurin. Shebur ɗaya ne, ni ke riƙe da shi, Baba yana tonawa da hannu. In mun fito da taya ɗaya, mu saro kaba mu shimfiɗa, Yaya Habu ya taka mota, ta yi ihu ta ƙara nutsewa. Rairayin yana ƙona gwiwa ta cikin wando. Su uku suna zaune a inuwar tabarmar da na kafa musu.

"Ka ce ka san hanya!" Yaya Habu ya yi ta faɗa. "Da na san ka rikice da na ɗauki ɗan gari a Gure. Ka sa baƙona zai mutu a daji saboda taurin kanka."

"Ka yi haƙuri, Habu. Ƙasar ce ta sake."

"Kai ne ka sake, tsoho."

Da ruwan akwatinsu ya ƙare suka dawo kan gangar da muke sha, Madam ta karɓi moɗa ta ce ita za ta riƙa rabawa. Mu masu tona rabin moɗa, sau uku a yini. Leɓen Baba ya tsage, in ya yi magana sai jini ya fito. Burodin da ya ɓoye wa Nana ya bushe kamar dutse, na ga ya ciro shi ya duba, ya mayar. Sau ɗaya Sumana ya taso ya miƙa masa nasa ruwan. Baba ya karɓa da hannu biyu ya kafa kai, shi kuwa ya ja da baya ya ɗauki hotonsa yana sha.

A yini na biyu da yamma wani Bamange ya ɓullo da raƙuma. Baba ya tashi da kyar ya gaishe shi da harshensu, suka daɗe suna magana, har Baba ya gano ya san kakan mutumin. Mutumin ya ɗaura igiya a raƙuma biyu, muka tura, motar ta fito. Shi ya nuna mana inda sabuwar rijiya take. Na ɗauka daga nan sai gida.

"Tunda mun sha wannan wahala, ai sai mun hau," in ji Yaya Habu.

Washegari suka hau dutsen. Ni na ɗauki kujerar Madam da jakar abinci a ka. Daga sama kana ganin duniya duka, tudu bayan tudu har inda ido ya gaza, shaho yana shawagi a ƙasa da ƙafarka. Suka yi ta kiran sunayensu dutsen yana mayar musu. Na leƙa ƙasa na hango Baba, ɗan ƙarami, zaune a inuwar motar. Da na sauko na tarar yana cusa yatsa cikin rairayi yana zarowa.

"Yau kwana huɗu da ruwan," ya ce. Bai dube ni ba.

Wani ƙarfe ya karye a ƙasan motar wajen fitowa, aka yi yini guda a Gure ana gyara. Kwana ukun da aka ce, sai da muka yi takwas.

A hanyar dawowa, tun daga Gidimuni, gero ya tsiro. Layi-layi, kore ɗanye, dama da hagu, har cikin tuddai. Mutane suna tsaye a gonakinsu suna ɗaga wa mota hannu. Madam ta buɗe taga tana cewa, "Kai, ku dubi kyau! Da muka wuce fa babu komai." Baba ya ja rawani ya rufe fuskarsa.

A Zinder Yaya Habu ya cika alkawari. Ya sa aka fito da buhun, cikakke, aka ajiye mana a bakin tasha. Ya ce hanyar Droum ta ɓaci da ruwa, motar kuma ta sha wuya, mu nemi ta kasuwa. Ya dafa kafaɗar Baba. "Ka ga ƙasa, ka samu gero. A gaida Inna." Wani mai amalanke ɗan garinmu ne ya taimaka ya ɗauko mu.

Gonarmu tana bakin hanya kafin a shiga gari. Ta kowane gefe kore ne, ita kaɗai ce ja, sai wata 'yar kusurwa da ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba. Daga baya na ji wata maƙwabciya ce ta ba Inna da Barira iri ƙoƙo ɗaya, shi suka shuka a wurin. Sun zaga gari suna roƙo, amma shekarar kowa abin da zai ishe shi ya rage, wasu ma bai ishe su ba.

Gidan kuwa ban gane shi ba. Rami ne ko'ina. Sun tone ɗakin Baba har ƙarƙashin gado, sun tone gindin rumbu, bakin murhu, bayan ɗaki, gindin bishiyar bedi, jikin danga. Yini uku suna tonawa da fartanya da hannu, suna jin maƙwabta na wucewa gona da waƙa. Tsakar gidan duka sun juye ta, sai da'ira ɗaya da suka bari, inda jar akuya take ɗaure tana tuƙa.

Inna tana zaune a bakin ƙofa, tafin hannunta duka biyu a naɗe da tsumma. Barira ta fito da Nana a baya, ta dube ni, ta dubi buhun, ta koma ciki. Baba bai yi sallama ba. Ya je ya kwance akuyar, ya girgiza turken ya zare, ya durƙusa ya tona. Tulun ya fito da lakarsa a baki, ko tsaga babu.

Inna ta dubi tulun, ta dubi Baba.

"Malam," ta ce, "shekara arba'in ina gidan nan. Ashe ɓarauniya ka ɗauke ni."

Ban ƙara jin ta yi masa doguwar magana ba har ya bar duniya. Tana kai masa abinci, tana kai masa ruwan alwala, in ya yi magana ta ce to.

Da sassafe muka je gonar da sungumi. Na sara, ƙura ta tashi. Na ƙara sara da zurfi, ƙura. Muka dawo da tulun gida. Ruwa na biyu bai zo ba sai bayan kusan mako uku, lokacin geron mutane ya kai gwiwa, ruwan farko mai nauyi ya riƙe shi. Muka shuka, mu huɗu, babu mai magana da wani. Buhun Yaya Habu shi ya riƙe mu muka yi noma, wannan gaskiya ne. Geron ya tashi da kyau, ya yi duhu, har Baba ya fara zama a gona yana shafa ganyen. Sai ruwa ya ɗauke da wuri. Na maƙwabta ya riga ya yi ƙwari. Namu yana cikin fure. Muna kallo ya yi fari, zangarnun suka tsaya tsaye, ba nauyin da zai sunkuyar da su. Abin da muka girba jaki ɗaya ya kwashe shi a sawu biyu.

Kafin sanyi ya wuce awakin sun tafi kasuwa, har da jar. Iyayen Barira suka aiko a kai musu ita da Nana su zauna can har abubuwa su daidaita. Ba su daidaita ba, ita ma ba ta dawo ba. Da bazara ta zagayo Baba ya sayar da gonar ga wani ɗan kasuwa na Zinder. Ranar da aka auna ta bai fita ba, ni na je na nuna iyaka. Bayan nan ya kwanta. Ba wani ciwo da za a nuna, abinci ne kawai ya daina wuce masa. Ya rasu saura kaɗan ruwa ya sauka.

Ranar addu'ar bakwai Yaya Habu ya zo daga Yamai, a cikin motar nan, an sake mata fenti. Ya kawo buhun shinkafa da goro mai yawa. Aka shimfiɗa masa tabarma a gaba kusa da liman. Bayan an shafa fatiha, mutane suna zaune, sai ya shiga ba da labari.

"Allah ya jiƙan Baba. Bara war haka muna tare da shi a Kutus. Ku tambayi Lawali. Tsohon nan ya ɓatar da mu a rairayi yini biyu, yana ta cewa a bi dama, a bi hagu!" Ya yi dariya, wasu suka taya shi don kunya. "Amma wallahi ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba. Abokina har yau yana zancenta. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne, kafin ya rasu na fitar da shi ya sha iska, ya sake ganin wuraren ƙuruciyarsa. Ko wannan kaɗai na yi masa, na gode wa Allah."

"Allah ya saka da alheri," in ji liman. Jama'a suka ce amin.

Na dubi fuskarsa da kyau ina neman alamar ko ya san abin da ya faru. Babu. Bai tambayi gona ba. Bai tambayi inda Barira take ba. Inna tana bayan danga, na san tana ji.

Da zai tafi na raka shi bakin mota, don ni ne ɗan gida. Ya shiga, ya tayar, ya sauke gilashi.

"Lawali, baɗi in Allah ya kai mu Termit nake so mu je. An ce duwatsun can sun fi na Kutus. Kai ka iya tona rairayi. Ka zama cikin shiri."

Shinkafar da ya kawo tana kan wuta a cikin gida, kuma ita za mu ci har ta ƙare.

Na ce, "To, Yaya. Allah ya kiyaye hanya."